"Labarin Gaskiya Ne": Yadda Zubin Fim Ke Juya Abin Da Ya Faru

A wani ƙauye tsakanin Auyo da Haɗejiya akwai shagon cajin waya mai benci biyu, waɗanda ba sa rabuwa da mutane bayan sallar isha'i. Mai shagon yana tura finafinai a memori, in dare ya yi kuma ya kunna ɗaya a ƙaramar talabijin don masu jiran wayoyinsu su cika. Wani dare a tsakiyar rani, fim ɗin wani yaro ɗan ƙasar Malawi ne a kai, wani ɗan sakandare yana fassara wa jama'a. Yaron ya haɗa injin iska da tarkacen bola da keken mahaifinsa, ya jawo ruwa daga rijiya, ƙauyensu ya tsira daga yunwa. Ana gamawa wani saurayi mai noman albasa ya dubi wani dattijo mai gyaran injin ban-ruwa ya ce, "Baba, tunda abin nan ya faru da gaske, me zai hana mu gwada? Kuɗin fetur ya ishe mu." Dattijon ya ce daynamon keke fitila ɗaya aka yi shi ya kunna, ko fangali biyu ba zai shayar ba. Saurayin ya ce ai tun farko an faɗa, labarin gaskiya ne.

Dukansu biyu suna da hujja. Yaron yana nan da ransa, kuma ya yi injin. Abin da dattijon ya sani na injina shi ma haka yake. Saɓanin ya taso ne daga yadda ake gina fim, kuma irin wannan gardama ƙaruwa take yi yanzu da kusan kowane fim mai dogon zango a YouTube da kowace fassarar fim ɗin Indiya ke iya zuwa da kirarin "wannan labari ya faru da gaske".

Tsakanin tatsuniya da tarihi

Bahaushe ya daɗe da ware wa kowane irin zance gidansa. Mai tatsuniya tana buɗewa da "ga ta nan, ga ta nanku", ta rufe da "ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ba don Gizo ba da na yi ƙarya". Ta wanke kanta ke nan, babu yaron da zai tashi da safe ya tafi neman gidan Ƙoƙi. Tarihi kuwa mai ba da shi ya ɗauki alhaki, in ya karkata akwai dattijon da zai ƙure shi. Fim ɗin da aka gina kan abin da ya faru ya ari rigar tarihi ne ya saka wa gangar jikin tatsuniya.

Masu sana'ar suna da matakai. Akwai shirin bayanin gaskiya, inda ake hira da mutanen da abin ya shafa, a nuna hotunan ainihi. Akwai fim ɗin da aka gina kan labarin gaskiya, inda mutanen da manyan abubuwan da suka faru na gaske ne amma hirarraki da jerin abubuwa aikin marubuci ne. Sai kuma wanda abin da ya faru ya zaburar da marubucin kawai, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya shuka gonarsa. Idan aka zo fassara, duk ukun sukan dawo kalma ɗaya: labarin gaskiya. Babu kuma wata doka da ta ƙayyade yawan gaskiyar da za ta kasance a fim kafin ya ɗauki wannan suna.

Kalmar da ta fi muhimmanci a nan ita ce zubi. Malaman adabin Hausa suna cewa "zubi da tsari" idan suna nufin yadda aka jera abubuwa a labari da yadda wannan ya haifi wancan, jigo kuma shi ne saƙon da ake son isarwa. Rayuwa tana tafiya ne da "sai kuma": damina ta tsaya, sai kuma farashi ya tashi, sai kuma yaro ya bar makaranta. Zubi ba ya yarda da haka. Shi "saboda haka" yake so a tsakanin kowane abu biyu.

Ƙashin bayan fim

Fiye da shekara 2,300 da suka wuce masanin Girka Aristotul ya ce cikakken labari yana da farko da tsakiya da ƙarshe. A 1979 wani malamin rubutun fim a Amurka, Syd Field, ya mayar da wannan ma'auni na aiki: shafi ɗaya na rubutu kusan minti ɗaya ne a allo, saboda haka fim mai awa biyu yana da kimanin minti 30 na shimfiɗa, 60 na gwagwarmaya, 30 na warwara. Ba kowane marubuci ke bin sa sau da ƙafa ba, amma duk wanda ya saba kallo ya san shi ko bai san sunansa ba. Shi ya sa yaro a gidan kallo zai ce maka "yanzu za a kama akta", kuma a kama shi.

Wannan gini yana da buƙatu. Yana son akta ɗaya mai buri ɗaya, da bos ko wani shinge da zai tare shi, da wani wuri kusa da ƙarshe inda komai zai lalace har mai kallo ya fid da rai, sannan ƙololuwa inda aktan zai warware matsalar da hannunsa. Abin da ya faru da gaske da wuya ya zo a haka. Yakan ɗauki shekaru, hannaye da yawa ne a ciki, wani lokacin ma ruwan sama ne ya kawo ƙarshen matsalar ba mutum ba. Don haka marubuci yake matse shekara biyar ta koma wata uku, ya haɗe mutum huɗu su zama ɗaya, ya sa wa mutane maganar da babu wanda ya ji sun faɗa. Waɗannan duk masu sauƙi ne idan aka kwatanta su da na ƙarshe, wato sauya dalili: a ce wannan ne ya jawo wancan alhali ba shi ba ne.

Famfon da bai zo lokacin yunwa ba

Fim ɗin da aka yi gardama a kansa shi ne The Boy Who Harnessed the Wind na 2019, wanda Chiwetel Ejiofor ya ba da umarni kuma ya fito a matsayin uban yaron. Sunan yaron William Kamkwamba, an haife shi a 1987, ɗan yankin Wimbe a gundumar Kasungu. Yunwar da ta auka wa Malawi a 2001 zuwa 2002 gaskiya ce. Barinsa makaranta saboda iyayensa sun kasa biyan kuɗi gaskiya ne. Zuwa ƙaramin laburare da ganin hoton injin iska a wani littafin kimiyya, da tsintar tarkace, da amfani da keken mahaifinsa, duk sun faru, yana ɗan shekara 14.

Inda hanya ta rabu shi ne aikin da injin ya yi. Na farkon da ya haɗa lantarki ya ba gidansu: ƙwan fitila huɗu da rediyo biyu, kamar yadda shi da kansa ya bayyana a taron TED, dandalin da masu sabbin dabaru ke gabatar da jawabai, da aka yi a Arusha ta Tanzaniya a 2007. A wannan taron ne ya ce burinsa na gaba shi ne ya gina wani injin da zai jawo ruwa don noman rani. Wato shekara biyar bayan yunwar, famfon yana nan a matsayin buri. Ya samu daga baya, da tallafin mutanen da suka ji labarinsa. Yunwar kuwa ta lafa ne da amfanin gona ya nuna.

Me ya sa fim ɗin ya jawo famfon baya ya dasa shi a tsakiyar yunwa? Saboda zubi. An shafe fiye da awa ɗaya ana nuna wa mai kallo rumbu yana ƙarewa, gida yana komawa cin abinci sau ɗaya a rana, mutane suna wawar hatsi. Matsalar da aka ƙulla yunwa ce, dole warwarar ta zama abinci. Da a ce ƙololuwar fim ɗin ƙwan fitila ne ya kama a ɗaki, mai kallo zai tambaya: to yunwar fa? Sai aka ɗauko abu biyu na gaskiya, yunwar 2002 da famfon da ya zo bayan 2007, aka ɗaura musu auren da ba su yi ba a rayuwa.

Ga mai kallo a birnin Landan wannan ƙaramin gyara ne. Ga manomin fadama a Auyo ko Kura ko Garun Malam, wanda tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 yake lissafin kowace lita, magana ce ta jari. Famfon da zai shayar da gona yana cin ɗaruruwan wat, shi ya sa masu komawa sola suke sayen faranti manya. Kuma gyaran ya ɓoye wani abu da ya fi amfani ga saurayin can: tsakanin basira da ruwa a gona akwai shekaru, da ƙarin karatu, da kuɗin da wasu suka sa. Fim ɗin bai rage wa Kamkwamba daraja ba, amma ya gajarta hanyar da ya bi har ta yi kama da wadda za a iya yi kafin kaka.

Neman bos

Wuri na biyu da zubi ke jan gaskiya da ƙarfi shi ne wajen mugu. Fari da talauci da cuta ba su da fuska, kyamara kuwa fuska take so.

Masu kallon finafinan Indiya sun san Dangal na 2016, inda Aamir Khan ya fito a matsayin Mahavir Singh Phogat, mutumin jihar Haryana da ya koya wa 'ya'yansa mata kokawa. 'Yarsa Geeta ta ci lambar zinare a wasannin ƙasashe renon Ingila da aka yi a Delhi a 2010, wannan tabbas ne. A fim, kocin tawagar ƙasa mai hassada ne, har ya sa aka kulle uban a wani ɗaki lokacin karawar ƙarshe, ita kuma Geeta tana baya a maki sai a daƙiƙun ƙarshe ta ɗaga abokiyar karawarta ta yi nasara. A zahiri uban yana cikin 'yan kallo, kuma Geeta ta lashe karawar a turmi biyu ba tare da an ci ta maki ko ɗaya ba. Kocin fim ɗin an ba shi sunan ƙirƙira, amma wanda ya horar da tawagar a lokacin, Pyara Ram Sondhi, ya fito a jaridu ya nuna ɓacin ransa, domin duk wanda ya san harkar kokawa a Indiya ya san kujerar wa ake nufi.

A mahangar zubi, kulle uban yana da aiki: jigon fim ɗin shi ne yarinya ta tsaya da ƙafarta, don haka dole a janye uban a lokacin da ta fi buƙatarsa. Dabara ce mai kyau a rubutu. Kuɗinta kuwa wani mutum mai rai ne ya biya da mutuncinsa.

Matattu ma ba su tsira ba. A Titanic na 1997, Jack da Rose ƙirƙira ne kuma ba a ɓoye hakan ba, amma William Murdoch jami'in jirgin ne na gaske, ya mutu a hatsarin na 1912. Fim ɗin ya nuna shi ana cusa masa cin hanci, ya harbe fasinjoji, sannan ya harbe kansa. Mutanen garinsu, Dalbeattie a Sikotilan, da danginsa suka yi ca, har a 1998 wani babban jami'in kamfanin Fox ya je garin ya ba da haƙuri, ya kuma ba da fam 5,000 ga asusun tunawa da shi a makarantar garin. Fim ɗin dai ba a sauya shi ba.

Inda aka ajiye ƙurunƙus

Ko ba a ƙara komai ba, zaɓen wurin tsayawa kaɗai yana sauya ma'ana. Fim ɗin Umar Mukhtar, jagoran turjiyar Libiya ga mulkin mallakar Italiya, fim ɗin da dattawa da yawa suka kalla tun zamanin kaset, ya ƙare da ratayewar da Italiyawa suka yi masa a ranar 16 ga Satumba 1931, da ƙaramin yaro yana ɗaukar tabaransa da ya faɗi. Mai kallo yana tashi da jin cewa gwagwarmaya ta samu magaji. A tarihi, turjiyar ta mutu cikin 'yan watanni bayan kashe shi, Libiya kuma ba ta samu 'yanci ba sai 1951. Yana da kyau a san cewa gwamnatin Gaddafi ce ta zuba kuɗin fim ɗin, Italiya kuma ta hana nuna shi shekaru masu yawa. Kowane ɓangare ya fahimci cewa zubi ba ya rasa mai amfana da shi.

A gida Najeriya, 93 Days na 2016 ya gamu da wata matsalar daban. Sunan ya ƙirga kwanaki ne daga 20 ga Yulin 2014, ranar da Patrick Sawyer, wani matafiyi daga Laberiya, ya sauka Legas da cutar Ebola, zuwa 20 ga Oktoba da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasar ta rabu da ita. Dakta Ameyo Adadevoh, wadda ta hana shi fita daga asibiti, ta rasu ranar 19 ga Agusta, kwana na 31. Jarumar labarin ta tafi tun kafin a kai rabin kwanakin, sai fim ɗin ya jingina da wata matashiyar likita, Ada Igonoh, wadda ta kamu kuma ta warke. Abin da ya tsayar da cutar a kan mutum 20, takwas suka rasu, ya haɗa da bin sawun mutane kusan 900 da ziyarar gida-gida fiye da 18,000, bisa tsarin da aka aro daga yaƙi da shan-inna. Duk wanda ya ga masu rigakafi suna zagaya ƙauyukan Kano da Jigawa da alli a hannu ya san irin aikin. Shi ne mafi girma, shi ne kuma mafi wuyar mayarwa fim, don ba shi da akta ɗaya.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu shirya finafinai suna da hujjoji masu nauyi. Ba don fim ba, mutum nawa ne a Jigawa zai ji sunan Kamkwamba ko Adadevoh? Babu wanda ya naɗi hirar da aka yi a cikin ɗaki shekara ashirin da suka wuce, dole a ƙirƙira. Fim kuma jari ne, wanda ya sa kuɗinsa yana so a kalla har ƙarshe. Sun ce abin da ake binsu shi ne ruhin labarin, kuma sukan rubuta gargaɗi cewa an sauya wasu abubuwa.

Masu suka suna cewa kalmar "gaskiya" ita ce ke sayar da fim ɗin, don haka wanda ya ci ribarta ya ɗauki nauyinta. Gargaɗin kuma yakan zo a ƙarshe, da ƙananan haruffa, da Turanci, a wurin da mai tura fim a memori yakan yanke. Akwai binciken da ya ƙarfafa wannan. A 2009 masana a Jami'ar Washington ta St. Louis a Amurka sun ba ɗalibai ingantaccen rubutun tarihi suka karanta, suka kuma nuna musu gutsuren finafinai masu kuskure a kan batun. Da aka yi musu tambayoyi daga baya, da yawa sun kawo abin da ke fim, wasu ma suna cewa a rubutun suka gani. Gargaɗi na gaba ɗaya bai hana hakan ba. Wanda ya yi aiki shi ne wanda ya nuna takamaiman wurin da fim ya kauce.

Idan aka auna, sauye-sauyen ba nauyinsu ɗaya ba. Matse lokaci da ƙirƙirar hira ba su cika cutar da kowa ba. Ɗora wa mutum na gaske laifin da bai yi ba, da sauya dalilin abin da ya faru, su ne ke barin tabo. Kuma wuraren da suka fi faruwa sanannu ne: wajen bos, wajen ƙololuwa, da minti goma na ƙarshe. Inda fim ya fi sa tsigar jiki tashi, nan ya fi dacewa a bincika.

Tacewa da doka

Akwai masu ɗaukar cewa fim ɗin da ya bi ta hannun hukuma an tantance gaskiyarsa. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana buƙatar a kai mata fim kafin a sake shi, kuma a watan Mayun 2025 ta dakatar da finafinai masu dogon zango 22 a kan rashin bin wannan ƙa'ida. Sai dai ma'auninta tarbiyya ne da addini da al'ada. Takardarta ba shaida ba ce cewa abin da aka nuna haka ya faru.

Wanda aka ɓata wa suna yana da hanyar kotu, domin ɓata suna laifi ne a dokokin jihohin Arewa, ana kuma iya neman diyya. A shari'ar Musulunci, jifan mutum da zina ba tare da shaidu huɗu ba ƙazafi ne, hukuncinsa bulala 80 kamar yadda ya zo a aya ta 4 ta Suratun Nur, kuma hadisi ya hana zagin matattu. Amma shari'a tana cin kuɗi da lokaci, abin da mutumin ƙauye ya fi kowa ƙarancinsu.

Idan labarin na garinmu ne

A daren 15 ga Oktoban 2024 tankar mai ta kife a Majiya, ƙaramar hukumar Taura, jama'a suka taru ɗibar fetur, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. A ɗauka wani ya zo zai mayar da wannan fim. Zubi zai nemi akta, watakila saurayin da ke tara kuɗin aure. Zai nemi bos: direba, ko wani da ya kira mutane, ko wanda za a ce daga hannunsa wutar ta tashi. Zai nemi dalili ɗaya, ko kwaɗayi ko talauci, alhali a daren akwai tsadar man da ta haura naira 1,000 a lita, da halin hanya, da ƙarancin kayan kashe gobara a kusa, da waɗanda suka je ceton 'yan'uwansu wutar ta rutsa da su. Duk dalilin da aka zaɓa, shi yaran da ba su kai wayo ba a lokacin za su tashi da shi a matsayin tarihin iyayensu.

Sauya suna, wanda ke isa kariya a birni, ba ya aiki a ƙauye. In fim ya ce "mai shayin bakin tasha" ko "'yar mai unguwa ta biyu", mutum ɗaya ne a garin, kowa ya san shi. Abin da zai biyo baya habaici ne a bakin rijiya, da neman auren da za a janye ba tare da an faɗi dalili ba, da zumuncin da zai yi sanyi tsakanin gidaje biyu.

Iyalan da aka zo wa da irin wannan buƙata suna da damar tambaya kafin su buɗe baki: wa za a nuna a matsayin mai laifi, a ina labarin zai tsaya, kuma za a karanta musu rubutun da Hausa kafin a fara ɗauka? Yarjejeniyar ta kasance a rubuce, a gaban mai gari ko limami, ta faɗi abin da ba a yarda a nuna ba. Lokacin yin wannan kafin a kunna kyamara ne, domin fim ɗin da ya shiga memori a kasuwar Gujungu ranar Lahadi, kafin wata Lahadin ya kai Maigatari ya tsallaka Nijar, kuma umarnin kotu ba ya bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya ya goge shi.